Tambaya da Amsa: Wane Tsari Ya Dace a Fitar da Bidiyon Kyamarar Tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mana ɓarna a wurin aiki cikin dare, kuma kyamarorinmu sun ɗauka. Da na soka filashi a jikin na'urar da ke naɗar bidiyon, sai ta ce in zaɓi DAV ko MP4 ko AVI. Wanne zan danna? Masu bincike suna jira.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka tsaya a kan ɗaya, fitar da shi sau biyu. Na farko a tsarin na'urar na asali, wato DAV ɗin nan, ka haɗa da manhajar kunna shi idan na'urar ta ba ka zaɓin hakan. Na biyu a MP4. AVI kuwa bar shi, sai in babu wani.

Haruffan nan uku da ke ƙarshen sunan fayil mazubi kawai suke nunawa. Ka ɗauke su kamar ambulan, bidiyon kuma wasiƙar da ke ciki, wadda aka rubuta da wani harshe. MP4 da AVI da MKV da DAV duk ambulan ne. Harshen shi ne salon da aka matse bidiyon da shi, wanda ake kira kodek, kuma a kyamarorin tsaro na yau biyu ne suka mamaye: H.264 da ya fito a 2003, da H.265 da ya biyo baya a 2013. Duk matsalar da za ka gani wajen buɗe bidiyo, ko dai daga mazubin take, ko daga kodek ɗin, kuma maganin kowace daban.

DAV tsarin kamfanin Dahua ne, da sauran na'urorin da aka gina a kan nasa aka sauya musu suna. Abin da ke cikinsa shi ne bidiyon kamar yadda ya sauka a faifan ajiya, da lokacin da aka ɗauki kowane firam (wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo), da lambar kyamarar. A na'urori da yawa har da hatimin da manhajar kamfanin ke dubawa ta gaya maka ko an taɓa fayil ɗin bayan fitarsa. Manyan manhajojin kula da kyamarori ma kowace da nata: Genetec na da G64x, Avigilon na da AVE, Milestone na da tsarin XProtect. Wannan shi ne kwafin da ke da nauyi idan magana ta kai ga hujja. Illarsa ɗaya, ba kowace kwamfuta ke buɗe shi ba, shi ya sa na ce ka haɗa da manhajar: Smart Player ga Dahua, VSPlayer ga Hikvision. Kwafin MP4 kuma na kallo ne, wanda galibi mai bincike zai buɗe nan take a wayarsa ba tare da ya girka komai ba.

Amma kafin ka danna komai, akwai abin da ya fi zaɓen tsari gaggawa. Na'urar tana shafe tsohon bidiyo ta naɗi sabo a kansa da zarar faifan ya cika. Kyamara 8, kowace tana naɗa a megabit 2 a sakan, suna cin kusan gigabait 173 a rana. Faifan terabait 1 bai kai kwana 6 ba zai zagayo. Saboda haka yau za ka fitar, ba gobe ba. Idan na'urarka na da zaɓin kulle fayil a shafin neman bidiyo, mai alamar kwaɗo, kulle na daren nan tukuna.

Sannan ka dubi agogon na'urar ka gwada shi da na wayarka, ka rubuta bambancin a takarda, misali "na'ura tana baya da minti 7 da sakan 20". Ka ɗauki hoton allon da wayar wani tare da taka a gefe tana nuna lokaci. Kada ka gyara agogon kafin ka gama fitarwa, domin a wasu na'urorin mayar da agogo baya yana rikita jerin fayilolin. Kuma ka bar sarari: aƙalla minti 10 kafin abin ya faru da minti 10 bayansa, daga duk kyamarorin da ke kallon hanyar shiga da fita, ba wadda ta ga ɓarnar kaɗai ba. Sau da yawa fuskar mutum ta fi fitowa a lokacin da yake zagayen wurin, tun bai rufe ta ba.

Tambaya: Ni a AVI na saba fitarwa, amma wannan karon mutanen ciki suna tafiya da sauri kamar ana korarsu. Abin da na san minti 10 ne ya ƙare a minti 6. Na'urar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Malam. Lissafin da ka bayar ma ya nuna inda matsalar take. Kyamararka tana ɗaukar firam 15 a sakan, wato firam 9,000 a minti 10. Manhajar da ta kunna shi ta ɗauka 25 ne a sakan, sai ta cinye 9,000 ɗin a sakan 360, minti 6 cif.

Microsoft ta fito da AVI tun 1992, kuma an gina shi ne a kan cewa gudun firam ɗaya ne daga farkon fayil zuwa ƙarshe. Ba ya riƙe lokacin kowane firam daban. Kyamarar tsaro kuwa ba haka take aiki ba. Wata an saita ta tana ɗaukar firam kaɗan idan wurin shiru, ta ƙara gudu idan ta ga motsi. Wata kuma firam na zubewa a hanya idan layin sadarwa ya cushe. MP4 da MKV suna rubuta wa kowane firam lokacinsa, don haka ko gudun ya canza bidiyon zai tafi daidai. A AVI dole a zaɓi lamba ɗaya, kuma in aka yi kuskure kowa zai koma gudu ko rarrafe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya taka a hankali sai a gan shi kamar yana tserewa, mota mai tafiyar ƙa'ida sai ta zama mai gudun wuce kima.

Ƙari a kan haka, wasu na'urorin idan ka zaɓi AVI sai sun warware bidiyon sun sake matse shi. Za ka gane hakan idan fitarwar ta ɗauki lokaci fiye da na tsarin asali sosai. Duk sake matsewa tana rage kaifin hoto, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

In bidiyon na nan a na'urar, koma ka sake fitarwa a MP4. Masu ƙananan na'urorin da ke fitar da fayil mai ƙarewa da .264 ko .h264 su ma wannan ciwon ne ke damun su, domin wannan bidiyo ne tsirara, babu mazubi sam. Su duba gudun firam a saitin kyamarar, sannan su sa shi a mazubi da manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce:

ffmpeg -framerate 15 -i asali.h264 -c copy kwafi.mp4

A maye gurbin 15 da lambar da aka gani a saitin. Kalmar copy a umarnin nan tana nufin a kwashe bidiyon yadda yake, kada a sake matse shi.

Tambaya: Na bi shawarar da ake bayarwa na fitar a MP4, amma kwamfutar maigidana ta ƙi buɗewa. A wayata kuma hoto na fitowa, sauti babu. Ba an ce MP4 ko'ina yana buɗewa ba?

Amsa: Malama, abubuwa huɗu ne ke jawo wannan, kuma da alama biyu daga ciki sun haɗu a kanki. Fara da girka VLC, manhajar kunna bidiyo ta kyauta, a kwamfutar. In ya buɗe, fayil ɗin lafiya yake. Sai ki sa MediaInfo, ita ma kyauta ce, za ta gaya miki ainihin mazubin da kodek ɗin hoto da na sauti.

Wanda ya fi yawa shi ne H.265, wanda MediaInfo za ta rubuta miki HEVC. Masu girka kyamara suna son sa domin yana ba da hoto mai kyau iri ɗaya a kusan rabin wurin da H.264 ke ci, faifai ya daɗe bai cika ba. Sai dai manhajar kallon bidiyo da ke zuwa da Windows ba ta buɗe shi sai an ƙara mata wani ɗan ƙari daga Microsoft Store, tsofaffin kwamfutoci kuma suna sarƙewa da shi. Ga wanda za ki tura wa bidiyo ba ki san irin na'urarsa ba, H.264 a cikin MP4 shi ne abin da ya fi tabbas. Juyawar ke nan:

ffmpeg -i asali.mp4 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac kwafi.mp4

Wannan sake matsewa ce, don haka ki adana na asalin, kwafin kawai za ki raba. Lambar 18 tana ba da hoton da ido da ƙyar zai bambance shi da na farko. Ƙara ta na rage girman fayil da kyan hoto tare. In kuma iPhone ko Mac ce ta ƙi H.265 ɗin, sau da yawa ba sai an juya ba, lakabin ciki kawai ake canzawa ta hanyar sa -c:v copy -tag:v hvc1 a madadin -c:v libx264 -crf 18 a umarnin.

Na biyu shi ne MP4 na suna kawai. Na'urorin Hikvision da yawa suna fitar da fayil mai ƙarewa da .mp4 alhali cikinsa wani tsari ne da ake kira MPEG-PS. VLC ba ya damuwa da suna, ciki yake dubawa, shi ya sa yake buɗewa. Sauran manhajojin suna gaskata sunan su rikice. Maganinsa sauya mazubi ne kawai, ba a taɓa hoton.

Na uku, rashin sautin, kusan tabbas G.711 ne. Kodek ne na layin tarho tun shekarun 1970, kyamarori da yawa da shi suke naɗar murya, kuma MP4 na ƙa'ida bai tanadar masa wuri ba. Umarni ɗaya yana magance wannan da na biyun gaba ɗaya, yana kuma aiki a kan yawancin fayilolin DAV:

ffmpeg -i asali.mp4 -c:v copy -c:a aac kwafi.mp4

Hoton ya wuce yadda yake, sautin kaɗai aka mayar AAC. Juya bidiyon awa guda ba ya wuce 'yan sakanni ko minti ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda ba na so ya zama naki: zare filashi kafin na'urar ta gama. MP4 yakan rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane firam yake ne a ƙarshen aiki. In aka katse kafin nan, za ki ga fayil mai girma amma babu manhajar da za ta buɗe shi, ko VLC. Kada ki ɓata lokaci wajen neman gyara in bidiyon na nan a na'urar, ki sake fitarwa, ki jira saƙon kammalawa ya bayyana. MKV ya fi juriya a nan, ko an katse shi abin da aka riga aka rubuta yana kunnuwa. Duk na'urar da ta ba ki zaɓin MKV, zaɓi ne mai kyau don ajiya, sai dai wayoyi da manhajojin aika saƙo ba su karɓe shi kamar MP4 ba.

Tambaya: Ina so in fitar da bidiyon yini guda. Filashin 64GB na saya, amma na'urar ta ce ba ta gan shi ba. Da na sa wani tsoho kuma sai ta tsaya a tsakiya.

Amsa: Filashi masu girma galibi da tsarin exFAT suke zuwa, na'urorin naɗar bidiyo da yawa kuma, musamman tsofaffi, FAT32 kaɗai suka sani. Duba a shafin fitarwa, yawanci akwai maɓallin Format da na'urar za ta tsara filashin da kanta. Yin hakan yana goge duk abin da ke ciki, kwashe kayanka tukuna.

FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Na'urori da yawa sun san haka, suna yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, wasu duk awa ɗaya, wasu duk kusan gigabait ɗaya. Wadda ba ta yankawa sai ta tsaya idan ta kai iyakar. Ko kuma tsohon filashin ne ya cika. Yi lissafi tun farko: megabit 1 a sakan yana cin megabait 450 a awa. Kyamara mai megabit 4 tana cin gigabait 1.8 a awa, wato sama da gigabait 43 a awa 24. Kyamara ɗaya ke nan. Ka fitar awa biyu-biyu, kyamara ɗaya-ɗaya, kana buɗe kowane yanki a kwamfuta kafin ka wuce na gaba. In abin ya kai kyamarori da yawa na kwanaki, faifan ajiya na waje za ka nema, ko ka sauke ta kwamfutar da ke haɗe da na'urar da kebul, ba ta iska ba.

Tambaya: A allon na'urar ina iya karanta lambar motar sarai. Da na sauke ta manhajar waya na tura wa ɗan'uwana a WhatsApp, lambar ta dagule. Wane tsari ne ba ya dagulewa?

Amsa: Ba laifin tsari ba ne, Malam, sau biyu aka rage hoton a hanya. Kowace kyamara tana fitar da zubi biyu na bidiyo a lokaci ɗaya: babba wanda ake naɗa a faifai, da ƙarami wanda aka yi don kallo ta intanet. Babban zai iya zama 1920×1080, ƙaramin 640×360. Ɗigon hoto 2,073,600 ke nan a gefe ɗaya, 230,400 a ɗaya gefen, ninki 9 daidai. Manhajar waya ƙaramin take nunawa in ba ka sauya ba, kuma maɓallin naɗa da ke cikinta abin da take nunawa yake kamawa. Nemi inda aka rubuta HD ko Main Stream, ko mafi kyau ka je jikin na'urar da filashi. Ɗaukar allon da kyamarar waya kuwa shi ne mafi muni, a bar shi sai in babu wata hanya ko kaɗan.

WhatsApp kuma duk abin da aka tura masa a matsayin bidiyo sai ya sake matse shi. Tura shi a matsayin takarda, ta maɓallin Document, zai isa yadda yake, har zuwa gigabait 2. Gmail iyakarsa megabait 25 ne, abin da ya wuce haka sai ta Google Drive. In hoto ɗaya kake so na lambar, tsayar da bidiyon asali a manhajar kamfanin ko VLC ka ɗauki firam ɗin a PNG ko BMP maimakon JPEG. Bi firam ɗaya-ɗaya, a VLC harafin E ke yin haka, domin cikin firam goma ɗaya ko biyu ne za su fito da kaifi.

Tambaya: Me ya sa sakannin farko na bidiyon da na yanka suke fitowa toka-toka, mutanen kuma sun zama dogaye sirara?

Amsa: Tokar daga yadda kodek ke aiki take. Ba kowane firam ne cikakken hoto ba. Ana ajiye cikakke ɗaya, misali duk bayan firam 50, wato sakan 2 a gudun 25, sauran kuma bambancin da aka samu kawai suke ɗauke da shi. In yankan ya faɗa tsakani, manhaja ba ta da abin da za ta gina a kai sai cikakken firam na gaba ya zo. A salon tsimin wuri irin H.264+ da H.265+ tazarar ta fi haka tsawo sosai. Fara yankan da minti ɗaya kafin inda kake so.

Sirantar kuma alamar 1080N ce, wasu na rubuta 1080p Lite. Na'urar tana naɗa a 960×1080, rabin faɗin cikakken hoto, sai ta miƙe shi a allonta. Sauran manhajojin ba su san a miƙe ba. A VLC danna harafin A har ka kai 16:9, ko ka ƙara -aspect 16:9 a umarnin FFmpeg mai copy. Kyamarar da ke rufi mai ganin kowane gefe, wadda hotonta ke fitowa a zagaye, ita kam sai manhajar kamfaninta ce ke warware ta, wani dalilin ke nan na riƙe tsarin asali.

Tambaya: Lauyanmu ya ce ɗaya ɓangaren na iya cewa mun taɓa bidiyon. Ta yaya za mu kare kanmu?

Amsa: Ƙa'idojin karɓar hujjar kwamfuta sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan fannin lauyanku ne, Hajiya. Ta ɓangaren fasaha ga abin da ke hannunku. Ku fitar a tsarin asali a sabon filashi, ku yi kwafi biyu, ku rufe filashin farko a ambulan kada a sake buɗe fayilolinsa. Kada a canza musu suna, domin sunan da na'ura ta ba su yakan ƙunshi lambar kyamara da lokacin farawa da ƙarewa. Duk wani yanka, ƙara haske, zuƙowa ko zana da'ira a kan fuska, a kwafi za a yi, a kuma faɗa cewa an yi.

Sannan ku ɗauki lambar tantancewa ta kowane fayil tun a ranar. A Windows, ku buɗe Command Prompt ku rubuta:

certutil -hashfile asali.dav SHA256

A Mac umarnin shi ne shasum -a 256, a Linux sha256sum, sai sunan fayil. Zai fito da jerin haruffa da lambobi guda 64. Ko bit ɗaya aka canza a fayil ɗin, jerin zai sauya gaba ɗaya. Ku rubuta shi a takarda tare da sunan wanda ya fitar, rana da lokaci, samfurin na'urar da lambar jikinta, da bambancin agogonta da lokacin gaskiya, a sa hannu. Duk wanda aka miƙa wa kwafi daga baya zai iya gudanar da umarnin nan ya gwada da abin da ke takardar.

Ku kuma duba ko rana da lokaci suna bayyana a kwafin MP4. A wasu tsare-tsaren kyamara ce ke buga su a jikin hoton, suna bin sa ko'ina. A wasu kuma manhajar kunnawa ce ke ɗora su daga bayanan da ke cikin fayil na asali, da an sauya mazubi sai su ɓace. In naku na biyun ne, ku nemi zaɓin haɗa lokaci a shafin fitarwa, kuma duk wanda za ku ba MP4 ɗin ku haɗa masa da na asalin da manhajarsa a filashi ɗaya.